Saƙo Ya Iso, Mai Saƙo Ba Ta Gani Ba

Yau shirin namu ya tsallaka Kogin Kaduna, ya bi hanyar Kachia, ya ya da zango a Unguwar Boro, maƙwabciyar Sabon Tasha, cikin ƙaramar hukumar Chikun.

A Amurka, ma'aikacin Amazon kan dire kwali a bakin ƙofa, ya ɗauki hotonsa, ya kama gabansa. Ɓarawo na biye, sai ya yi awon gaba da shi. Abin ya ishi jihar Texas har ta tsananta hukuncin satar saƙo a 2019. To mu nan wa zai ajiye kwali a ƙasa ya juya baya? Tun da Jumia da Konga suka buɗe a 2012, da yawanmu sai mun ga kaya muke biya. Namu ɓarawon hannu bibbiyu ake miƙa masa, har da "a gaida gida".

Ga yadda aka yi da yayata a Unguwar Boro. Turamen atamfa uku ta saya ta WhatsApp daga Kantin Kwari a Kano, ta tura kuɗi. Aka sa a mota, aka sauke a tasha, ɗan aike ya ɗaure a bayan babur. Gidan hayar ba lamba, sai kwatance: ka wuce coci, ka sha kwana wajen mai POS, gida mai baƙar ƙofa. Gidaje uku ne masu baƙar ƙofa a layin. Ita tana wurin aiki, waya ba caji. Bawan Allah ya tsaya yana ta ambatar sunanta da ƙarfi, kamar mai cigiyar akuya. Sai wani saurayi ya taso daga kan benci, yana gyara hula.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Ai mamata ce, tana wanka. Kawo."

Da yamma mai kaya ta ce ta tura, direba ya ce ya sauke, ɗan aike ya rantse ya ba ɗanta. Ɗan nata kuwa aji biyu yake a firamare.

Ni dai ban ɗora wa ɗan aike laifin duka ba. Gwargwadon saƙon da ya kai, gwargwadon abin da zai samu, ga fetur ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Zuwa biyu asara ce gare shi, don haka duk wanda ya ce "kawo" ya rage masa hanya.

Shi ya sa kafin babur ya tashi, a faɗa wa ɗan aike sunan wanda zai karɓa, a ba shi lambar waya biyu. Wasu kamfanoni kan turo lambar sirri ta tes. Kada ka karanta wa kowa ita sai kaya na hannunka. In a tasha aka sa, a karɓi lambar mota da ta direba. Waya ko kwamfuta kuwa, gara ka taka da ƙafarka zuwa ofishin karɓar kaya, ka yage salatif ɗin a gabansu.

Yayata yanzu shagon telan bakin layi ake kai mata saƙo. Telan yana da tsohon littafin awo. A bayansa yake rubuta rana da sunan wanda ya kawo, ya tura ledar ƙarƙashin keke, ƙafarsa a kai.

Bayan talla za mu leƙa tashar Television, mu ji ta bakin direbobi.