Kafin ka zargi mai maganin feshi, duba bakin injinka

Duk damina ana jin ƙorafi iri ɗaya daga Ikara zuwa Makarfi da Hunkuyi: an yi feshi, ciyawa ba ta mutu ba, ko kuma tsutsa tana nan tana cin masara kamar an zuba mata ruwan sanyi. Laifin farko akan ɗora shi a kan mai shago, a ce jabun magani ya sayar. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba mai musu. Amma sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau, ɓarnar tana can ƙarshen sanda, a ɗan bakin nan da masu feshi ke kira nozul, wanda raminsa bai fi kan allura da yawa ba.

Yankinmu ya dogara da wannan ɗan rami fiye da yadda muke zato. Tumatirin da saboda shi gwamnatin Kaduna ta kafa masana'antar sarrafa tumatir a Ikara a 1981, raken Makarfi, barkono da masarar Kudan, duk sai an bi su da injin goyo mai cin lita 16 ko 20. Waɗanda suka ga 2016 ba su manta da tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna sharon ba, wadda ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tun daga lokacin feshi ya ƙaru, masu yin sa a biya su ma suka ƙaru, amma kula da injin bai ƙaru ba.

Aikin injin ba shi da wuyar ganewa. Hannu yana tura famfo, famfo yana matsa ruwa cikin wata 'yar tukunya mai iska a ciki, iskar ta riƙe ƙarfin, ruwa ya bi tiyo ya wuce maɗanni ya fita ta nozul. Nozul ɗin ne ke yanke hukuncin komai: yawan ruwan da zai fita a minti ɗaya, girman ɗigon, da faɗin wurin da zai jiƙa. Haka abin yake a injin wanke kwanuka na manyan otal-otal, wanda wata Ba'amurkiya, Josephine Cochrane, ta yi wa rajistar ƙirƙira a 1886. A cikinsa akwai hannu mai ramuka a karkace, ƙarfin ruwan da ke fita ne ke juya shi. Ramuka biyu ko uku suka toshe da ƙwayar shinkafa ko farin dattin ruwa, sai hannun ya daina juyawa, kwanuka su fito da maiƙonsu. Mai gyaran da ya san aiki ba ya fara taɓa cikin injin, hannun yake cirewa ya wanke.

To mai feshi ma daga ƙarshe zai fara, ya koma baya. A zuba ruwa zalla a tanki, a fesa a busasshiyar ƙasa ko bangon siminti, a duba zanen da ya bari. Lafiyayyen nozul yana ba da jiƙa bai-ɗaya. In ka ga layi-layi, ko ruwan ya karkace gefe guda, ko ya fita tsiri kamar na buta, akwai datti a rami ko ramin ya lalace.

Hannun famfo ma yana magana. Idan ya yi tauri, kana dannawa da ƙyar kuma ruwa ba ya fita sosai, toshewa ce a gaba: nozul, ko 'yar rariyar da ke bayansa, ko rariyar cikin maɗanni wadda mutane da yawa ba su ma san tana nan ba. Idan kuwa hannun ya saki, yana tafiya sakaka ba ƙarfi, ba ruwan nozul. Robar famfo ce ta cinye, ko yashi ya shiga ƙarƙashin bawul ya hana shi rufewa. Wani lokaci kuma ɗan ramin iskan da ke jikin murfin tanki ne ya toshe, sai ka ga tanki yana lotsawa ciki, ruwa yana raguwa. A injina masu batir, a fara da caji kafin a kwance komai.

Yanzu ga inda ake yin ɓarnar gaske. Nozul ya toshe a tsakiyar gona, rana tana duka, sauran kadada guda. Me ake yi? A samo allura, ko guntun waya, ko ƙayar bagaruwa a soka. Ruwa ya dawo, kowa ya ji daɗi. Amma ramin roba ko na tagulla ba ya jure ƙarfe. Sokawa ɗaya ta isa ta buɗa shi ta ɓata siffarsa. Daga ranar injin zai riƙa zubar da magani fiye da kima a wani layi, ya bar wani layi a bushe. Wurin da ya sha da yawa amfanin gona ya ƙone, wurin da bai samu ba ciyawa ta tashi, tankin da ya saba cin wani fili ya ƙare tun ba a kai ba. Manomi ya ƙara kwalba, ya ƙara zagin mai shago.

Wanda ya fi wannan muni shi ne sa baki a hura. Abin da ke cikin ramin nan guba ce tsagwaronta. Maganin ƙona ciyawa mai sinadarin parakwat ba shi da makari a asibiti, kuma kaɗan daga cikinsa yana lalata huhu. Magungunan ƙwari da yawa kuma ta fata ma suna shiga jiki, balle ta leɓe. Ban ga uzurin da zai sa magidanci ya kai wannan abu bakinsa don ceton minti biyar ba.

Gyaran na gaskiya ba ya cin kuɗi. A fara danna maɗanni har ƙarfin da ke cikin tiyo ya fita duka, don kada magani ya fantsamo a ido lokacin kwancewa. A sa safar hannu ta roba, a kwance nozul da rariyarsa, a jiƙa su a ruwan sabulu, a goge da tsohon buroshin haƙori wanda ba zai sake komawa gida ba. In datti ya ƙi fita, a ɗauraye ta baya, wato ruwa ya shiga ta inda yake fita. Mafi sauƙi duka shi ne mai feshi ya riƙa tafiya da nozul na biyu a leda, ya canza a gona, ya wanke na farkon da yamma.

Akwai kuma lalacewar da ido ba ya gani. Magungunan gari, irin mankozeb da ake fesa wa tumatir, suna cin ramin a hankali kamar yashi. Gwajinsa kwalba mai awo ce da agogon waya: a fesa ruwa cikinta minti ɗaya da bugu daidai, a yi haka da sabon nozul irinsa, a kwatanta. Ƙa'idar masana ita ce in tsohon ya zarce sabon da kashi 10 cikin 100, a jefar da shi. Launin nozul ma ba ado ba ne a wajen kamfanonin da ke bin ma'aunin duniya: a matsi na ma'aunin "bar" 3, rawaya yana fitar da lita 0.8 a minti, shuɗi 1.2, ja 1.6. Wanda ya sauya rawaya da ja saboda shi ya samu a kasuwa ya ninka maganin da yake zubawa bai sani ba. Ƙara bugun hannu kuma ba ya rama toshewa, domin sai an ninka matsi sau huɗu kafin ruwa ya ninku sau biyu, kuma ɗigon zai koma hazo, iska ta kai shi gonar maƙwabci.

Tushen toshewar dai ruwa ne. A fadama akan ɗebo na kududdufi ko na rami, da laka da gansakuka, a cire rariyar bakin tanki wai tana ɓata lokaci, a juye. A bar rariyar a wurinta, a ƙara da ƙyalle mai tsabta in ruwan ya yi kauri. Maganin gari a dama shi a bokiti tukuna. In an tashi aiki a ɗauraye tanki sau uku, a fesa ruwan ta sanda don tiyo da nozul su wanku, nesa da rijiya da mashayar dabbobi. Maganin da ya kwana a tanki shi ke bushewa ya zama ɓawon da zai toshe rami gobe.

Mai noman tumatir yana da ƙarin dalili. Ɗan ragowar maganin ciyawa na 2,4-D a tiyo ya isa ya murɗe ganyen tumatir ya nannaɗe shi, mutum ya yi ta sayen maganin cuta alhali ba cuta ba ce. Wanda yake da hali ya ware inji biyu, ɗaya na ciyawa ɗaya na ƙwari, ya shafa wa na ciyawar jan fenti a murfi.