Lambar O35.3: Abin da take nufi a takardar asibitin mai juna biyu

A garin Jibiya da ke Jihar Katsina, kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ba abin mamaki ba ne mace ta fara awon ciki a Najeriya ta haihu a Nijar, ko ta fara a can ta ƙarasa a nan, domin aure da fatauci sun daɗe da haɗa al'ummomin biyu. Sai dai ma'aikatan lafiyar Jibiya da Ingilishi suke rubutu, na Maraɗi kuma da Faransanci. Abin da ba ya sauyawa idan takarda ta tsallaka iyaka shi ne lambar cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tsara waɗannan lambobi a kundin rarrabe cututtuka. An amince da bugu na 10 a 1990, aka fara aiki da shi a 1994. A Najeriya ana kiran sa ICD-10, a Nijar kuma CIM-10, amma lambobin iri ɗaya ne. Bugu na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, kuma ƙasashe na komawa kansa sannu a hankali.

Ma'anar lambar

O35.3 na nufin kulawar da ake bai wa mai juna biyu saboda an tabbatar, ko ana zargin, cewa ƙwayar cutar bairos da ta kama ta ta yi wa ɗan tayi lahani. Kundin ya ba da misalai biyu: rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus, da kuma ƙwayar CMV.

Kalmar zargi tana da muhimmanci. Likita na iya sa lambar tun kafin gwaji ya nuna komai, domin a bi cikin da ƙarin kulawa. Don haka ganin ta a takarda ba hukunci ba ne cewa jaririn zai zo da nakasa.

Idan cutar uwar kaɗai ta dama, wata lambar ake sawa: O98.4 ga ciwon hanta na bairos, O98.7 ga HIV, O98.5 kuma ga sauran cututtukan bairos. Duk lambar da ta fara da O ta fayil ɗin uwa ce. Da zarar an haihu, jariri na samun tasa mai farawa da P: P35.0 ga wanda aka haifa da illar rubela, P35.1 ga CMV.

Me ya sa ake tsoron rubela?

A jikin babba rubela ba ta da tsanani: ɗan zazzaɓi, ƙuraje da kumburin kaluluwa a bayan kunne, wani lokaci ma ba a ganin alama. Amma idan ta kama mace a farkon ciki, yiwuwar ta wuce ga ɗan tayi kan kai kashi 90 cikin 100. Sakamakon na iya zama ɓari, ko a haifi jariri kurma, ko da yanar ido, ko da matsalar zuciya. Wani likitan ido ɗan Ostireliya, Norman Gregg, ne ya fara gano wannan alaƙa a 1941. Ita ma CMV na cikin manyan abubuwan da ke jawo kurumtar da ba ta gado ba ga jarirai.

Ina batun kuɗi ya shigo?

Lambar cuta ba farashi ba ce, hujja ce. A tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda dokar 2022 ta wajabta, ana biyan asibitin matakin farko wani kaso bisa yawan mutanen da suka yi rajista da shi. Aikin mataki na biyu kuwa, kamar ganin ƙwararren likita, ana biyan sa ne ɗaya bayan ɗaya, bayan an samu izinin tura majiyyaci. A nan ne ake duba ko cutar da aka rubuta ta dace da aikin da ake neman kuɗinsa.

Idan aka rubuta awon ciki na yau da kullum, alhali an yi gwajin jini na musamman da hoton ciki sau da dama, mai biya na iya mayar da takardar. Galibi nauyin kan faɗo ne a kan maigida, ko ma'aikacin gwamnati ne da ake cire masa kaso a albashi ko ɗan kasuwar da ya yi rajista da kansa.

Akwai kuma asarar da ta wuce ta aljihu. Da bayanan asibitoci hukumomi ke ƙidaya cututtuka. Jaririn da aka haifa da illar rubela amma ba a rubuta shi daidai ba, ya ɓace daga lissafin da ake tsara rigakafi da shi.

Abin da ya kamata iyali su yi

Mai juna biyun da ta ga ƙuraje da zazzaɓi, ko ta zauna da yaro mai su, ta garzaya asibiti. Idan za a tura ta Katsina, ko za ta je goyon ciki wurin iyayenta a Maraɗi, ta nemi takardar turawa mai ɗauke da sunan cutar da lambarta da sakamakon gwaji da ranar da aka yi shi. Bayan haihuwa a nemi a duba ido da kunne da zuciyar jariri.

Rubela ba ta da magani, amma tana da rigakafi. A watan Oktoban 2025 Najeriya ta ƙaddamar da allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14. Ba a yi wa mai ciki wannan allura, shi ya sa kariyarta ta dogara da rigakafin da aka yi mata tun kafin ta ɗauki ciki, da wanda aka yi wa yaran da ke kewaye da ita.