Yadda Likitoci Ke Koyon Tiyatar Gwiwa A Kwamfuta Kafin Su Taɓa Mutum

A tiyatar gaɓoɓi ta zamani, sau da yawa likita ba ya tsaga gwiwa gaba ɗaya. Huda biyu ko uku yake yi, kowace kamar santimita ɗaya. Ta ɗaya yake zura siririyar kyamara mai kaurin milimita 4, ta ɗayar kuma kayan aiki, idonsa yana kan allo. Ana kiran wannan aiki atroskofi, kuma cikin waɗanda suka fara shi akwai Kenji Takagi na ƙasar Japan, wanda ya leƙa cikin gwiwar gawa a 1918.

Koyonsa ke da wuya. Gilashin kyamarar a karkace yake da digiri 30, allon ba ya nuna zurfi, kuma idan hannu ya yi dama, bakin ƙarfen hagu yake yi. Kuskure kaɗan sai a kankare guringuntsi, wanda da ƙyar yake warkewa domin ba shi da jijiyoyin jini.

Shi ya sa aka ƙera na'urorin gwaji. ArthroS, na kamfanin VirtaMed da ke Suwizalan, yana haɗa gwiwar roba da kayan tiyata na ainihi waɗanda aka saka wa na'urorin gano motsi. Ɗan koyo yana jin ƙarfe ya dunguri ƙashi, manhaja kuma tana zana cikin gwiwar a allo nan take, kamar yadda wasan bidiyo ke bin yatsan mai wasa. ARTHRO Mentor na Simbionix shi kuma injina ne ke tura hannu baya, don a ji tauri ko laushin abin da aka taɓa.

Bayan kowane gwaji, manhajar tana ba da maki: tsawon lokacin da aka ɗauka, nisan da kyamara ta yi yawo, da sau nawa aka gogi guringuntsi. Wani bincike da aka yi a Oxford a 2008 ya nuna waɗanda suka yi atisaye a gwiwar roba sun fi takwarorinsu iya aiki a ɗakin tiyata.

Matsalar ita ce tsada, domin ba kowane asibitin koyarwa ke iya sayen irin waɗannan na'urori ba. A Amurka, ƙungiyoyin likitocin ƙashi sun fito da shirin FAST, mai amfani da ƙaramin akwatin atisaye mai rahusa. Duk da haka, na'ura hannu kawai take horarwa. Sanin wanda ya kamata a yi wa aiki, da abin yi idan jini ya rufe kyamara, sai a gaban gogaggen likita ake koyonsu.