Ciwon gaɓoɓi: maganin gida da maganin likita

Ɗari ya shigo. Lokacin nan ne tsofaffi suka fi kuka da gwiwa da ƙugu da yatsu. Mutum ya tashi da asuba, gwiwa ta ƙage, sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Wani ba ya iya durƙusawa wajen salla. Wata ba ta iya riƙe taɓarya. Duk wannan muna ce mashi sanyi, ko sanyin ƙashi. Amma ba ciwo guda ba ne. Akwai wanda ake lallaɓawa a gida. Akwai wanda in aka kwana da shi, yana iya nakasa mutum. Ya kamata kowa ya san bambancinsu.

Mi ke faruwa cikin gaɓa?

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi biyu. In kun duba ƙafar rago wurin mahauci, za ku ga kan ƙashi da wani abu fari mai santsi. Shi ne guringuntsi. Shi ke hana ƙashi ya gogi ƙashi. Akwai kuma ɗan ruwa mai yauƙi da ke jiƙa shi, kamar man da ake sa ma ƙafar amalanke.

Yau da gobe guringuntsi yana cinyewa. Shekaru na kawo haka. Noma a duƙe, daka, jan guga, ɗaukar bido bisa kai, tsohon targaɗe ko karaya, da yawan ƙiba, duk suna ƙara mashi sauri. Wannan shi ne ciwon gaɓoɓin da ya fi yawa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 528 ke fama da shi. Cikin mutum 10, 6 mata ne. Gwiwa ce ya fi kamawa.

Ga yadda ake gane shi: ciwon yana ƙaruwa da aiki, yana sauƙi da hutu. Ƙagewar safe ba ta wuce minti 30. Ɗari ba shi ke kawo ciwon ba, amma mutane da yawa sun fi jin shi lokacin ɗari.

Gaskiya guda da za mu riƙe: guringuntsin da ya cinye ba ya komawa sabo. Babu saiwa, babu ƙwayar da ke maido shi. Duk mai tallar da ya ce maku kwalba guda za ta raba ku da sanyin ƙashi har abada, kuɗinku yake so. Amma ana iya rage zafi, a ci gaba da aiki. Nan ne maganin gida ke da amfani.

Motsi ya fi kowace saiwa

Mai ciwon gwiwa yakan ce bari in kwanta. Kwanciya tana ƙara ƙage gaɓa, naman cinya kuma ya yi rauni. Naman cinya kuwa shi ke tallabe gwiwa. Ga abin yi: a zauna bisa kujera ko turmi. A miƙe ƙafa guda sosai, a ƙirga 10, a sauke sannu. A yi sau 10 ga kowace ƙafa, safe da marece. A riƙa ɗan yawo kullum bisa hanya marar gargada. Mai yatsu ya dunƙule hannu ya buɗe cikin ruwa mai ɗumi.

A riƙe sanda da hannun da ba na wajen ciwo ba: in gwiwar dama ce, sanda na hagu. A raba kaya biyu maimakon ɗauka guda. Mai ƙiba ya rage jiki, don kilo guda da ya ragu yana rage ma gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taki.

Gashi da shafawa

A jiƙa tsumma cikin ruwa mai ɗumi, a matse, a ɗora bisa gaɓa minti 15 zuwa 20. Rairayi mai ɗumi cikin ƙyalle ma yana yi. A gwada da bayan hannu tukuna, kada a ƙone tsoho. Bayan gashi a shafa man kaɗanya, a murza naman da ke kewaye da gaɓa sannu sannu. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau, ba a gasa ta.

Itatuwan da aka gwada

Barkono. Abin da ke sa barkono yaji yana dakushe zafin ciwo in an shafa shi bisa fata. Da shi ake yin wani man shafawa da ake saidawa a farmasi. Ana shafa shi sau 3 ko 4 a yini, sai bayan sati 2 ko fiye ake jin amfaninshi. Na farmasi an auna ƙarfinshi. Garin barkono tsura yana ƙone fata. Kada a sa bisa rauni. A wanke hannu da sabuni, kada a taɓa ido.

Citta. Masu bincike sun gwada ta ga masu ciwon gwiwa, sun ga tana rage zafi kaɗan. A sa ta cikin kunu, fura, miya ko shayi. In ta yi yawa tana kawo ƙwarnafi.

Gangamau, wanda ake ce ma kurkum. Shi ma an gwada shi, an ga yana kawo sauƙi ga wasu. A sa shi cikin miya. Mai ciwon hanta ko na matsarmama kada ya sha shi da yawa.

Hano, wanda wasu ke ce ma ararraɓi. Yana da ɗan'uwa a ƙasar Indiya, wanda ake yin ƙwayoyin ciwon gaɓa da ƙaronshi. Gwajin da aka yi ma masu ciwon gwiwa, da na Indiya aka yi shi, kuma da awo. Kada wannan ya sa mu kwankwaɗi jiƙon ɓawo babu ƙa'ida.

Mace mai ciki, mai ciwon ƙoda, da wanda ke shan maganin likita kullum, su tambayi likita kafin su sha kowane jiƙo.

Abubuwan da ke ƙara ɓarna

Itace ma yana da dafi. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba yana iya lalata ƙoda da hanta. Jiƙo mai kanwa da yawa ba shi da kyau ga mai hawan jini.

Tsaga, sakiya da lalas bisa gaɓa suna buɗe ma ƙwayoyin cuta ƙofa. Askar da ta taɓa mutane da yawa tana iya ɗaukar ciwon hanta da sida daga wani zuwa wani.

Ƙwayoyin da ake talla cikin kasuwa su ne babban tarko. Diklofenak da ibuprofen suna kwantar da ciwo, amma shan su kullum yana kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Deksa tana sa mutum ya ji ya warke, daga baya fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya daɗe yana shan ta kada ya bari rana guda, ya je likita a rage mashi sannu sannu. Taramol kuwa kama mutum yake, ya kasa rabuwa da shi.

Yaushe za a bar maganin gida?

A tafi likita ranar nan, ba sai gobe ba:

1. In gaɓa guda ta kumbura, ta yi zafi, ga masassara. Mai yiwuwa mugunya ce a ciki. Tana iya cinye gaɓa cikin ƴan kwanaki.

2. In yaro ne ke kukan gaɓoɓi da masassara, musamman bayan ciwon maƙogwaro. Wannan ciwon yana iya taɓa zuciya.

3. In yaro na yawan ciwon ƙashi, idonshi ya yi rawaya, ko hannuwa da ƙafafun jinjiri sun kumbura. Yana iya zama amosanin jini, wanda ake ce ma emasi ko sikila. Da awon jini ake gane shi, kuma akwai cibiyar ƙasa ta wannan ciwo a Yamai.

A tafi likita cikin satin nan:

4. In yatsu da wuyan hannu biyu duka sun kumbura, ƙagewar safe ta kai awa guda. Wannan wani amosani ne daban. In an fara magani da wuri, yatsu ba su karkacewa.

5. In babban yatsan ƙafa ya tashi da zafi mai tsanani cikin dare.

6. In ciwon baya ya daɗe, ga rama da zufar dare. Tarin fuka yana kama ƙashin baya. Ɗanyar madarar da ba a tafasa ba ita ma tana kawo wata masassara mai kama gaɓoɓi. Makiyaya su kula.

In kun je likita, ku faɗi duk abin da kuka sha, na itace da na kasuwa. Ba abin kunya ba ne, kuma yana taimakon mai duba ku.

Ƴan'uwa, lafiya uwar jiki. Kowane gida yana da tsoho ko tsohuwa mai kukan gwiwa. Wanda ya karanta wannan a cibiya, ya je ya karanta masu. Ya nuna masu motsin ƙafa, ya ƙirga masu 10, ya ɗauke masu bidon ruwa.