Awon Ciki Idan Siffar Mahaifa Ta Bambanta

A Hausa kalmar "mahaifa" tana nufin garin da aka haifi mutum, tana kuma nufin wurin da ɗa yake kwanciya a cikin uwarsa. Ma'ana ta biyu ce ta shafe mu a nan.

Mahaifa tana samuwa ne tun 'ya mace tana cikin ciki. Wasu bututu biyu ne suke haɗewa, sa'an nan shamakin da ke tsakaninsu ya narke, a sami ɗaki guda. Idan wannan aiki bai kammala ba, sai siffar ta bambanta. Wata mahaifar shamakin yana nan ya raba ta biyu. Wata samanta ya rabu kamar ƙahoni biyu. Wata gefe ɗaya kawai ya girma, wata macen kuma mahaifa biyu gare ta. Bincike ya nuna kimanin mace 5 cikin 100 suna da irin wannan bambanci, kuma da yawansu ba su sani ba. Akwai kuma canjin siffa da ke zuwa bayan mace ta girma, wato ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa ga matan Afirka.

Wannan ba ya hana yawancin mata haihuwa lafiya. Amma ɗakin yakan yi wa ɗa ƙunci, don haka ɓari da haihuwar bakwaini sun fi faruwa. Haka nan ɗa yakan kasa juyawa, ya zo da ƙafa ko ya kwanta a gicciye, wani lokaci kuma girmansa ya ragu.

Saboda haka awon irin wannan ciki sai an fara shi da wuri. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 aƙalla, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki, a kuma yi mata hoton ciki kafin mako na 24. Hoton farko yana da muhimmanci, domin shi ke nuna inda cikin ya zauna. Idan ya zauna a ƙaramin ƙahon da bai girma ba, wurin yana iya fashewa, sai an yi tiyata da gaggawa.

Daga mako na 16 zuwa na 24 likita yakan auna tsawon wuyan mahaifa. In ya gaza milimita 25, alama ce yana iya buɗewa kafin lokaci. A nan akan ba da maganin furojestaron, ko a ɗaure bakin mahaifa da zare, a kwance shi wajen mako na 36 ko 37. Idan naƙuda ta taso tsakanin mako na 24 da na 34, akan yi wa uwa allurar da ke ƙarfafa huhun jariri. Shi kuwa ƙari, ba a cika cire shi ana da ciki ba, don gudun zubar jini. Ciwonsa ake kwantarwa, a jira haihuwa.

Abu na ƙarshe shi ne shirin wurin haihuwa. A al'ada mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, sau da yawa a ƙauye. Wadda aka san mahaifarta ta bambanta, gara ta zauna kusa da asibitin da ake tiyata da ƙarin jini, kamar asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai. Ungozoma, komai ƙwarewarta, ba ta da dabarar fitar da ɗan da ya gicciye. In an ga jini, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko ciwon mara ya tsananta, ko motsin ɗa ya ragu, kada kunya ta sa a yi shiru, kada kuma a jira gari ya waye.