Ƙarar Rediyon Mota: Kowace Ƙara Da Mai Ita

Zancenmu na yau ya fi shafar direbobi da malaman gona da malaman dabbobi, masu shiga daji da mota mai rediyon magana, wanda wasu ke kira oba-oba. Amma kai ma manomi kada ka juya shafi. Sau da yawa labarin gonarka ta cikin wannan akwati yake bi kafin ya kai ga masu magani.

A ce kai ne direban ayarin masu neman fara. Kun kwana a dajin arewa da Tasker, wajen duwatsun Tarmit, inda wayar salula ba ta da rezo. Da safe wani makiyayi ya kai ku wani kwari, ga ƴaƴan fara sun rufe ƙasa, ba su yi fiffike ba tukuna. Lokacin kira ya yi, ka ɗauki makirufo ka kira Damagaram. Ba ka jin komai sai shuuu da ƙas-ƙas, kamar ana suya a kasko.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwan farin ɗango kan ƙyanƙyashe cikin kamar mako 2, ƴaƴan kuma su yi wata guda da ƴan kwanaki suna tsalle a ƙasa. A lokacin nan ne feshi yake da sauƙi. In suka tashi, suna iya cin kilomita 150 a yini. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa garken fara mai faɗin murabba'in kilomita 1 yana cin abincin mutum 35,000 a rana guda. Wanda ya ga farin 1988, ko na 2004 da ya haɗu da ƙarancin ruwa ya jawo yunwar 2005, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2007 aka kafa cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa, CNLA, amma cibiya ba ta aiki sai da labari. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, labarin Damargu sai ya kwana a hanya bisa doki ko raƙumi kafin ya shiga Birni. Ranar da rediyonka ya ƙi, kai ma ka koma wancan zamani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce rediyo ya mutu, a kwance shi a aika Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Can mai gyara ya jona shi, ya ji yana magana garau. Galibi akwatin lafiyarsa lau. Ƙarar daga wani wuri take shigowa: ko daga sama, ko daga motar kanta, ko daga wayoyin da suka haɗa su. Kowace kuma da muryarta. In ka iya saurare, ka yi rabin gyara.

Fara Sanin Irin Rediyonka

Iri biyu ne ake ɗaura wa mota. Akwai mai gajeriyar eriya, VHF, wanda maganarsa ke tafiya miƙe kamar hasken tocila. Tudu ko dutse na iya tare ta, kuma ba ta cika wuce kilomita goma-goma kaɗan ba. Shi ba ya yawan ƙara. In ya fara shuuu, yawanci kun yi nisa ne, ko kana cikin kwari. Hau tudu ka sake kira. Duba kuma maɓallin da aka rubuta SQL a kansa: ka murɗa shi a hankali har shuuu ɗin ya ɗauke, ka tsaya nan. In ka zarce, mai kiranka daga nesa ba za ka ji shi ba.

Na biyu shi ne mai doguwar eriya, HF, wanda ma'aikata ke kira BLU, irin su Codan da Barrett na ƙasar Ostareliya. Yana aiki tsakanin megahaz 2 zuwa 30. Maganarsa na hawa sama ta bugi wani rufin iska mai lantarki, ta dawo ƙasa can nesa, shi ya sa daga Gure ake jin Agadas. Shi ne mai kai saƙo nesa, shi ne kuma mai kwasar kowace ƙara.

Kashe Mota Ka Saurara

Ka fita daga gari, nesa da wayoyin lantarki da tiransifoma da masu walda da injin niƙa. Ka kashe inji, ka zare makulli, ka cire duk abin da aka jona. Yanzu kunna rediyo.

In ƙarar na nan, motar ba ta da laifi. Ɗauko ƙaramin rediyon gida mai gajeren zango, ka yi taku 50 daga mota ka kunna. In shi ma yana irin wannan ƙara, to daga sama take.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, za ka ji ƙarar tana zuwa jefi-jefi, ƙaras, ƙaras, kamar ana karya kara. Walƙiya ce. Ba sai ka ga hadari ba, domin hadarin da ke can wajen Tafkin Cadi ma rediyonka na jin sa. Da yake hadarinmu ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare, kiran safiya ya fi fita. In kuwa hadarin ya iso kanku, ka kashe rediyo, kada kowa ya taɓa eriya.

Da hunturu, ko lokacin da guguwa ta taso gaban hadari, wata ƙara ce dabam: shuuu mai ƙaruwa in iska ta yi ƙarfi. Ƙurar da ke gogar eriya ce ke tara mata lantarki, irin wanda kan ɗan ja ka in ka taɓa ƙofar mota da sanyi. Ka duba ko ɗan dunƙulen da ke kan tsinin eriya bai faɗi ba, domin tsini tsirara ya fi ƙara. Sauran magani haƙuri ne har iska ta kwanta.

Akwai kuma ranar da za ka ji shiru da rana tsaka, tashoshi duka sun ɓace. Wannan aikin rana ne. Tana da wani zagaye na kamar shekara 11, inda takan yi aman wuta ta rikita rufin nan na sama. A watan Mayu na 2024 an yi wani babba da ya dami masu irin wannan rediyo a duniya. Yakan wuce cikin mintoci ko awa ɗaya zuwa biyu. Kada ka kwance komai. Ka tuna kuma da ƙa'idar layi: da rana layi mai lamba babba, da dare mai lamba ƙarama. Layin da ya kai ka Tanut da hantsi ba lalle ya kai ka bayan isha'i ba.

In Motar Ce Mai Laifi

In rediyo ya yi tsit da mota a kashe, to ɓarawon na cikin gida ne. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. In ka ji wani zuuu ya taso, famfon mai ne mai aiki da lantarki, ko fanka. Sannan ka tayar da inji, ka ba ta wuta a hankali, kunnenka na kan rediyo.

In ka ji tas-tas-tas mai ƙara sauri in ka ba ta wuta, wanda ke ɗaukewa nan take da ka kashe makulli, wutar buji ce, abin da ƴan Najeriya ke kira fulogi. Wannan ciwon motar isansi ne. Ka duba wayoyin buji, zafin ƙasarmu kan busar da su su tsattsage. Da dare, in ka ɗaga murfin inji, kana iya ganin wuta shuɗiya tana tsalle daga waya mai tsaga. A sake su, a sa buji mai harafin R a lambarsa, domin an yi shi don rage wannan ƙara. Maɓallin NB da ke jikin BLU shi ma yana danne ta. Tsohuwar Land Cruiser mai gazuwal ba ta da wannan wuta, don haka kada wani ya sayar maka da abin da motarka ba ta buƙata.

In kuwa kuka ne siriri kamar na gyare, wiiii, yana hawa in ka ba ta wuta, yana sauka in ka saki, yana ƙaruwa in ka kunna manyan fitilu, to altanato ne, mai cajin batir. In ka kashe makulli ba ya yankewa farat ɗaya, sai ya bi inji ya mutu a hankali. Cikinsa akwai ƴan ƙananan abubuwa da ake kira diyod, in ɗaya ya ƙone sai kukan ya fito. A auna da mita: batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 in inji na aiki. Kada ka yarda yaron gareji ya cire kan batir inji na tafiya wai don ya gwada caji. Wannan al'ada ita ce ke ƙona diyod, tana kuma iya kashe rediyon.

Daga nan ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya: abin share gilashi, fanka, firjin allurar dabbobi. A wannan zamani, mai laifin da aka fi kamawa ɗan ƙarami ne: cajar waya mai araha da aka soka a wurin kunna taba, ko fitilar LED da aka ƙara a gaban mota, ko akwatin da ke mai da wutar batir ta gida. Zare shi ka ji. Sau da yawa gyaran ke nan, ba ka kashe ko dala ba.

Wata ƙarar sai mota na gudu a kan kwalta, kamar hanyar Tanut ko ta Mirya da rani. In ka ɗan taɓa birki, ko ka sauka kan rairayi, sai ta ɗauke. Tayu ne ke tara lantarki. Ba ta da illa, ka tsaya ka yi maganarka.

Ta Wace Ƙofa Take Shiga?

Ƙara na da ƙofa biyu: eriya da wayar wuta. Inji na aiki, ka kwance wayar eriya daga bayan rediyo. Amma fa kada ka danna makirufo eriya na cire, akwatin zai iya ƙonewa. In ƙarar ta ɗauke, ta eriya take shiga. In tana nan, ta wayar wuta ce.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da aka fi samu ita ce abin da makanikai ke kira mas, wato inda waya ke kama ƙarfen mota. Hanyoyinmu masu gargada suna kwance noti, ƙura ta shiga, tsatsa ta biyo. In ka ji ƙarar tana zuwa duk lokacin da kuka faɗa rami, noti ne ya saki. Ka kwance gindin eriya, ka goge fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam, ka shafa giris a kai. Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan kanwa na wanke shi, sai dai kada ya shiga cikin batir. A ɗaura faffaɗar wayar tagulla, gajeriya, tsakanin inji da shasi, da murfin inji, da bututun hayaƙi.

Wayar wutar rediyo ta zama mai kauri, ta tafi kai tsaye zuwa batir, da fiyus kusa da batir ɗin. BLU na jan wajen amfa 20 in kana magana, siririyar waya ba ta iya ɗauka. A raba hanyarta da wayoyin buji da na altanato. In kukan bai daina ba, mai gyara ya sa mata filta. Ka bi wayar eriya da hannu tun daga rediyo har gindi, ka duba inda ƙofa ta matse ta ko ɓera ya ci. In ta huje, a sake ta duka, ɗauri ba ya yi.

In Saƙo Ya Zama Dole

Mu koma wancan kwari na Tarmit. Ka kashe inji, ka zare caja da firji. Ka gwada layi na biyu. Ka yi magana a hankali, ba da ihu ba, ka faɗi sunan wuri da lambobi sau biyu, ka sa wanda ya karɓa ya maimaita maka. In Damagaram ba ta ji, wata mota ko wata tasha ta ji ka, ka ba ta saƙon ta miƙa. Ka gajarta zance don kada batir ya ƙare ku kwana a daji. Kada ka yi kira ana zuba mai, kada kuma yaro ya riƙe eriya kana magana, tana ƙuna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ayari ya bar gari, a ɗauki minti 15 a bi gwajin nan daki-daki, a kira tasha a ji amsa. A ajiye fiyus na sauyi da ɗan littafi a mota, a riƙa rubuta irin ƙarar da aka ji da lokacinta, domin mai gyara ya san inda zai fara. Kai kuma manomi ko makiyayi, in ka ga ƴaƴan fara sun taru, ka sanar da malamin gona ko mai gari a ranar, ka faɗi wurin sosai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana gonaki da makiyaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.