Dokar Ruwa a Jakar Hannu da Alhazan Dutsin-Ma da Kurfi

Da yawa daga cikin mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da suka taɓa hawa jirgin sama, aikin Hajji ko Umara ne ya fara kai su, kuma hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma ta ratsa Kurfi ta shiga birnin Katsina ita ce ke sada su da Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ban da maniyyata, akwai malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da ɗalibai masu fita karatu waje, da 'yan kasuwa masu zuwa sari Dubai ko Alƙahira. Dukkansu suna cin karo da doka guda a wurin binciken kaya, wato dokar da ta ƙayyade ruwan da fasinja zai shiga jirgi da shi a jakar hannu, jakar da ke tare da mai ita a ɗakin fasinjoji, saɓanin babbar jakar da ake aunawa a loda a ƙasan jirgi.

Dokar ba ta da tsawo. A jiragen da ke ƙetare ƙasa, duk wani abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu dole ne ya kasance a mazubin da bai wuce mililita 100 ba, kuma a tattara mazuban a cikin leda guda mai haske, mai zif, wadda cinta bai wuce lita 1 ba, leda ɗaya ga kowane fasinja. Mililita 100 kashi ɗaya ne cikin biyar na ledar fiyawata mai rabin lita. Inda aka fi samun saɓani shi ne girman mazubi ake dubawa, ba yawan abin da ya rage a ciki ba, saboda haka kwalbar turare mai mililita 200 za a karɓe ta ko da 'yan ɗigo ne a gindinta. Haka kuma ruwa a nan bai tsaya ga na sha ba, ya haɗa da duk abin da ake zubawa, ko shafawa, ko fesawa: zuma da man shanu da manja, kunu da fura damammiya, man kaɗanya da man goge baki, humra da turaren fesawa. Kilishi da dambun nama da yaji da garin kunu busassu ne, wannan doka ba ta shafe su ba, ko da yake ƙasar da za a sauka tana iya hana su da tata dokar, kamar yadda ake yawan gargaɗin maniyyata game da shiga Saudiyya da goro.

Asalin dokar yana Ingila. A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka kama mutane fiye da 20 bisa zargin shirya tarwatsa jiragen da ke tashi daga filin Hitiro na Landan zuwa Amurka da Kanada, kuma a 2009 kotu ta sami uku daga cikinsu da wannan laifi. Dabararsu ita ce su zuƙe lemon da ke cikin gorar roba ta wata 'yar ƙofa a gindinta ba tare da sun taɓa murfin ba, su ɗura wani sinadari mai fashewa da aka rina ya yi kama da lemon, sannan su harhaɗa bam ɗin bayan jirgi ya tashi. Tunanin ba sabo ba ne, domin tun a Disamban 1994 an tayar da bam na ruwa da aka ɓoye a kwalbar maganin ido a wani jirgin Filifin, fasinja ɗaya ya rasu. Sai dai girman shirin 2006 ne ya sa aka fara hana ruwa gaba ɗaya, daga baya aka sassauta zuwa mililita 100, kana Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta shawarci ƙasashe su bi wannan ma'auni daga 2007. A Najeriya hukumar NCAA ce ke shimfiɗa ƙa'idojin tsaron jirage, jami'an tsaro na hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama kuma su ne ke tsaye a bakin na'urar haska kaya.

Dalilin da ya sa jami'i ba zai saurari rantsuwar mai kaya ba yana cikin na'urar kanta. Na'urar haska kaya da aka saba amfani da ita tana nuna siffar abu da kaurinsa, tana bambance ƙarfe da tufafi, amma ba ta iya tantance zuma daga sinadarin da ya yi kauri irin nata. Tunda ba a iya gane ruwan, sai aka koma ga rage yawansa zuwa abin da masana suka ga ba zai isa ya kayar da jirgi ba. Masu sukar dokar sun daɗe suna cewa mutum huɗu ko biyar na iya haɗa ledojinsu bayan sun wuce bincike, kuma sukar tana da ƙarfi. Gaskiyar magana, dokar wahalar da mai mugun nufi take yi, ba ta toshe masa hanya gaba ɗaya ba, farashin kuwa dattijuwar da ta ɗauko kwalbar zuma don tarin sanyi ita ke biya.

An yi rangwame a wurare uku: maganin da fasinja ke buƙata a tafiya, abincin jarirai da madararsu, da abincin da likita ya ɗora wa mara lafiya. Wannan ya shafi alhazai ƙwarai, saboda da yawansu dattawa ne masu ciwon suga ko hawan jini, kuma mai allurar insulin yana da damar shiga da ita idan ya fito da ita ya nuna, zai fi kyau da takardar asibiti a hannu. Sirof na asibiti mai lakabi yana wucewa cikin sauƙi, amma jiƙo ko tsimi da aka ɗura a gorar lemo ba shi da shaidar da jami'i zai dogara da ita. Gorar ruwa kuwa, idan babu komai a ciki, tana wucewa, a cika ta bayan bincike.

Batun zamzam shi ya fi ɗaure wa alhazai kai, kuma a nan dokoki biyu ne ake cakuɗawa. A jakar hannu, zamzam ruwa ne kamar kowane ruwa a idon na'ura, darajarsa a zuciyar Musulmi ba ta fitowa a allon. A babbar jaka kuma hukumomin Saudiyya ne suka hana saka shi, ba don tsoron bam ba, sai don jarkoki kan fashe a ƙasan jirgi su jiƙa kayan jama'a, ruwan kuma ya zama haɗari ga jirgin. Jakar da aka gano jarka a cikinta akan buɗe ta a cire, wani lokaci ta makara ba ta biyo mai ita ba. Mafitar da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta samar ita ce a ɗebo zamzam a jiragen da ke dawowa ba kowa bayan sun sauke maniyyata, a ajiye a Najeriya, a miƙa wa kowane alhaji jarkarsa mai lita 5 idan ya dawo. Wanda ya naɗe wata jarkar a cikin bargo ya jefa jakarsa a matsala ne kan abin da ke jiransa a gida.

Turare ma yana da nasa lissafi, kasancewar tsarabar Makka da Madina ba ta cika sai da shi. Ƙananan kwalaben miski da na oud masu mililita 3 ko 6 ko 12 suna shiga ledar hannu ba gardama, manyan kwalabe kuma wurinsu babbar jaka, inda ƙa'idar kaya masu haɗari ta yarda wa fasinja da lita 2 na turare da kayan fesawa gaba ɗaya, kowane mazubi kada ya wuce rabin lita, domin abubuwa ne masu kama wuta. Wanda aka saya a shagunan cikin filin jirgi bayan bincike ana rufe shi a leda ta musamman tare da rasit, kuma mai sauya jirgi a Alƙahira ko Adis Ababa kada ya yage ta kafin ya isa.

A 'yan shekarun nan an fara girka sababbin na'urori masu ɗaukar hoton kaya ta kowace fuska, irin na'urar da asibiti ke duba ƙwaƙwalwa da ita, waɗanda ke iya tantance ruwa. Wani ƙaramin filin jirgi na birnin Landan ya janye dokar a 2023, gwamnatin Birtaniya ta maido da ita a Yunin 2024, Tarayyar Turai ma ta maido da ita a Satumban 2024 a filayen da suka sassauta, sannan a 2025 aka sake buɗe ƙofa a wasu filayen da aka amince da na'urorinsu. Na'urorin suna da tsada da nauyi, shi ya sa sauyin ke tafiya fili bayan fili, har matafiyi na iya fita da babbar kwalba daga wani gari a karɓe ta a garin da zai sauya jirgi.